Finafinan Manyan Dodanni: Tambayoyi da Amsoshi kan Godzilla, Kong da Masoyansu

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi yawan fitowa daga bakin masu kallon finafinan manyan dodanni, daga sabon shiga har wanda ya daɗe a harkar. Wasu amsarsu ba ta wuce layi uku ba, wasu kuwa sai an zauna.

Wane fim ne ke shiga wannan aji?

Sharaɗi na farko girma ne. Dodon ya kasance ƙato ne da ya fi ƙarfin bindiga da tarko. Sharaɗi na biyu shi ne abin da yake barazana gare shi: ba mutum ɗaya yake bi ba, gari guda ne ke cikin haɗari, galibi ma bai san da mutanen da yake takawa ba. Japanawa suna kiran irin waɗannan halittu kaiju, kuma sunan ya bi masoya zuwa ko'ina a duniya. Saboda haka fim ɗin kifin da ke cin masu wanka a bakin teku, ko na ƙaton maciji a daji, yawancin masoya ba sa lissafa shi a ciki, duk da cewa gardamar ba ta mutu ba.

A ina aka faro?

A Amurka. The Lost World na 1925 ya nuna dabbar zamanin da tana ɓarna a titunan Landan, kuma Willis O'Brien ne ya motsa 'yar tsanar da aka yi dabbar da ita. Shi ne dai ya yi aikin King Kong na 1933, wanda Merian C. Cooper da Ernest B. Schoedsack suka ba da umarni. An sake sakin King Kong a gidajen sinima a 1952, ya kawo kuɗi fiye da zato, sai kamfanoni suka farga. A 1953 aka yi The Beast from 20,000 Fathoms, inda gwajin bam ɗin nukiliya ya tashi wata dabba daga ƙanƙara ta nufi New York, aikin hannun Ray Harryhausen. Daga nan furodusa Tomoyuki Tanaka na kamfanin Toho a Japan ya ɗauki zaren. Fim ɗin Godzilla na farko ya fito ranar 3 ga Nuwamba 1954, Ishiro Honda ne darakta, Eiji Tsuburaya ya yi dabarun hoto, Akira Ifukube ya yi kiɗa.

Me ya haɗa Godzilla da nukiliya? Ba labarin nishaɗi ba ne kawai?

Na farkon ba nishaɗi ba ne, makoki ne. Shekara tara kacal ke tsakaninsa da Hiroshima da Nagasaki, kuma har zuwa 1952 Japan tana ƙarƙashin mamayar Amurka, lokacin da ake tace duk abin da za a faɗa game da bam ɗin. Sannan ranar 1 ga Maris 1954 Amurka ta gwada bam ɗin haidurojin a tsibiran Bikini. Ƙarfinsa ya zarce abin da masu shi suka lissafa, tokarsa ta zubo kan wani jirgin kamun kifi na Japan mai suna Daigo Fukuryu Maru da mutum 23 a ciki. Dukkansu sun kamu da ciwon tururin nukiliya, mai kula da rediyon jirgin, Aikichi Kuboyama, ya rasu a watan Satumba na shekarar. An zubar da kifi mai yawa saboda gurɓata, mutane suka ji tsoron abin da ke cikin kwanonsu.

Wata takwas bayan gwajin, 'yan kallo suka shiga sinima, abin da suka fara gani shi ne jirgin ruwa da wani haske ya cinye a tsakiyar teku. Babu wanda ya buƙaci a yi masa bayani. A cikin fim ɗin akwai uwa da ta rungume 'ya'yanta a gefen gini mai ci da wuta tana ce musu sun kusa zuwa wurin babansu. Akwai asibiti cike da raunata, likita yana kara na'urar auna tururi a jikin yaro, na'urar tana ƙara. Hatta makamin da ya kashe dodon, mai ƙirƙirarsa Dakta Serizawa ya zaɓi ya mutu tare da shi don kada sirrin ya faɗa hannun masu yaƙi. Wanda ya kalli wannan fim ya ce wasan yara ne, to bai kalle shi da idon basira ba.

Abin lura: sigar da aka kai Amurka a 1956 an yanke ta, an cusa ɗan wasa Raymond Burr a matsayin ɗan jarida, an rage yawancin maganar bam. Sai a 2004 aka nuna ainihin fim ɗin a gidajen sinimar Amurka yadda ya kamata.

Da gaske Godzilla mutum ne a cikin riga?

Ƙwarai kuwa, a finafinan Japan daga 1954 har 2004. Tsuburaya ya so ya bi dabarar King Kong ta motsa 'yar tsana, amma da ya lissafa sai ya ga aikin zai ci shekaru, alhali watanni aka ba shi. Sai aka ɗinka riga. Ta farko an yi ta da gora da ragar waya da auduga, aka shafe ta da wata roba mai tauri. Nauyinta ya kai kusan kilo 100. Haruo Nakajima ne ya fi shiga cikinta, kuma ya riƙa zuwa gidan namun daji na Ueno yana nazarin yadda manyan dabbobi ke ɗaga ƙafa da juya jiki. Ya yi Godzilla sau 12 har zuwa 1972. Kenpachiro Satsuma ya karɓa daga 1984 zuwa 1995.

Rigunan baya an sauƙaƙa su, amma tsarin bai canza ba. Ana auna ɗan wasa, a yanka soso irin na katifa gunduwa-gunduwa a manna shi ya ba da surar jiki, a shafa ruwan roba shafi bisa shafi, a fitar da gurzar fata, sannan a yi fenti. Ƙofar shiga tana gadon baya, jeren ƙayoyin baya ne ke rufe zif ɗin. Kan ɗan wasa ba ya cikin kan dodo, a wuyansa yake, inda aka huda 'yan ƙananan ramuka na gani da numfashi. Kan dodon yana zaune sama da nasa kamar gammo da kaya, kuma wani ne daban ke buɗe baki da juya ido, da waya ko da na'urar sarrafawa daga nesa. Wutsiya ma ba ɗan wasa ke kaɗa ta ba, siraran wayoyi ne da ma'aikata ke ja daga saman rufi.

Matsalolin sananne ne. Zafi shi ne babba: fitilun ɗaukar hoto suna gasa roba, iska ba ta shiga, ɗan wasa ba ya wuce 'yan mintuna a ciki, kuma sukan suma. Idan aka ɗauki fitowa daga ruwa, soso yana shan ruwa nauyi ya ƙaru, idan ɗan wasa ya faɗi a ciki ba ya iya tashi da kansa. Gumi da ruwa suna ruɓar da soso, roba tana tsagewa a hammata da gwiwa. Shi ya sa ake yawan ɗinka sabuwa, shi ya sa kuma fuskar Godzilla ke sauyawa daga fim zuwa fim. Masoya har suna suka raɗa wa kowace riga: ta 1962 KingGoji, ta 1964 MosuGoji, ta 1989 BioGoji, kowa kuma da gwanarsa.

To me ke sa mutum a riga ya zama kamar dutse mai tafiya?

Nan ne ainihin sana'ar take, kuma duk wanda ya gane ta zai gane dalilin da ya sa wani fim ke kama zuciya wani kuma ke ba da dariya. Ido ba ya auna girma da tsawo, da nauyi yake aunawa. Abu mai nauyi yana ɗaukar lokaci kafin ya motsa, yana ɗaukar lokaci kafin ya tsaya, kuma ɓaraguzan da suka faɗo daga hawa na ashirin suna daɗewa a iska kafin su iso ƙasa.

An gina Tokiyo na 1954 galibi a kan ma'aunin kashi 1 cikin 25. Riga mai mita 2 ta zama dodo mai mita 50 ke nan. Amma tubalin kwaikwayo yana faɗowa cikin ƙiftawar ido, nan take mai kallo ya gane wasa ne. Maganin shi ne a hanzarta kyamara. Fim yana tafiya da hoto 24 a kowane sakan. Idan aka ɗauka da sauri aka nuna a 24, komai zai yi jinkiri. Ƙa'idar lissafin ita ce a nemi lambar da in aka ninka ta da kanta za ta ba da ma'aunin, sai a ninka ta da 24. A ma'aunin 25 lambar 5 ce, wato hoto 120 a sakan. A aikace sau da yawa ba a kai hakan ga ɗan wasa, akan tsaya a ninki biyu ko uku, a bar saurin gaske ga fashewa da rushewar gini. Ma'anar wannan ita ce ɗan wasa dole ya yi sauri cikin riga mai nauyi domin a allo ya fito yana tafiyar ƙasaita. A Godzilla Raids Again na 1955 an ɗauki wasu sassan faɗa da kyamara mai tafiya a hankali, sai dodannin suka fito suna rawar jiki da gaggawa, nauyin ya gudu.

Sauran dabarun suna da sarƙa. Ana ajiye kyamara a ƙasa, daidai idon mutumin da ke kan titi. Ana tsuke ƙofar hasken kyamara domin na kusa da na nesa su fito tar, don hoton da bayansa ya dushe yana tona asirin ƙanƙantar abu. Tsukewar da saurin ɗauka duk suna cin haske, sai a ƙara fitilu, fitilu kuma su ƙara wa na cikin riga azaba. Gine-ginen ana zuba su da filasta mara ƙwari, a tsattsaga su tun kafin ɗauka a wuraren da ake so su karye, a zuba ƙura da tarkace a ciki. Ginin da babu komai a cikinsa yana faɗuwa kamar kwali. Turakun lantarkin da suka narke a fim na 1954 da kaki aka yi su, aka haska musu fitila mai zafi. Kuma ɗauka ɗaya ce: in ɗan wasa ya yi tuntuɓe ya rushe unguwar da ba ita ake nufi ba, sai a sake gini.

Abu biyu ne ba sa yarda a ƙanƙanta su, ruwa da wuta. Ɗigon ruwa girmansa ɗaya ne ko a teku ko a kwano, don haka idan ya fantsama kusa da jirgin kwaikwayo sai ya fito kamar ƙwallo. Wannan ne ya sa Toho ta gina ƙaton tafki a 1960, ta yi amfani da shi har 2004.

Kong na 1933 shi ma riga ce?

A'a. 'Yar tsana ce mai tsawon kimanin inci 18, da ƙashin ƙarfe mai gaɓoɓi, an lulluɓe ta da roba da fatar zomo. A motsa ta kaɗan, a ɗauki hoto ɗaya, a sake motsawa. Minti ɗaya na allo hoto 1,440 ne. Ku duba gashin jikinsa da kyau, za ku ga yana wani irin karkarwa: sawun yatsun masu motsa shi ne tsakanin hoto da hoto. Kuskure ne a asali, amma ya sa dabbar ta zama kamar tsikar jikinta ke tashi don fushi. A 1976 Rick Baker ya sa riga ya yi Kong, a 2005 kuma Andy Serkis ya yi motsin, kwamfuta ta ɗora masa jiki.

Kukan Godzilla na wace dabba ce?

Ba na kowace dabba ba. An gwada muryoyin namun daji, duk suka fito da kamar abin da kunne ya saba ji. Ifukube ya ba da shawarar a sassauta tsirkiyar kontirabas, ƙatuwar gogen Turawa, a goga ta da safar hannu ta fata da aka shafa wa ƙaro, yadda mai goge ke shafa wa izgarsa ƙaro don ta kama. Aka naɗi ƙarar, aka rage mata gudu. Wannan kukan ne ake ta gyarawa har yau, kuma masoya suna gane fim daga jin kukan kaɗai.

Tsawonsa nawa ne? Kowane wuri da lambar da ake gani.

Duk daidai ne, ya danganta da fim. Mita 50 a 1954, mita 80 a 1984, mita 100 daga 1991, aka dawo da shi 55 a 1999. Na Amurka na 2014 mita 108, Shin Godzilla na 2016 mita 118.5, na 2019 kusan 120. Dalilin ƙarin shi ne gine-ginen Tokiyo sun yi tsawo, dodo mai mita 50 zai ɓace a tsakaninsu. Sai dai ƙarin yana da farashi a zamanin riga: dodo mai mita 100 yana buƙatar gari a ma'aunin 1 cikin 50, gine-gine su ƙara ƙanƙancewa, tagogi da allunan shaguna su rasa kyan aiki. Godzilla Minus One na 2023 ya koma mita 50.1, tunda labarinsa a Tokiyon bayan yaƙi yake, kuma a ganinmu ya fi na mita 120 ban tsoro, domin yana kusa da ƙasa har yana iya ganin mutum.

Wuta yake furzarwa? Kuma kore ne?

Ba wuta ba ce, tururin nukiliya ne, kuma ƙayoyin bayansa suna haske kafin ya sake shi. Launinsa na asali toka-toka ne mai duhu kamar gawayi. Allunan talla na Amurka da zanen yara na talabijin na 1978 ne suka yaɗa koren, sai rigar 1999 da aka yi mata kore da gangan.

Ban da waɗannan biyu, su wa ya kamata a sani?

Mothra, wadda ta fito a 1961, ƙatuwar faɗa-wuta ce da mutanen wani tsibiri ke girmamawa. Tana farawa daga ƙwai, ta zama tsutsa mai feshin zare, ta yi fiffike, kuma wasu tagwayen mata 'yan mitsi-mitsi ne ke kiranta da waƙa. Ita ba ta ɓarna sai an taɓa nata. King Ghidorah na 1964 shi ne babban abokin gaba: ruwan zinariya, kai uku, wutsiya biyu, fiffike, babu hannu. Wahalar ɗaukarsa ta fi ta kowa, saboda kowane wuya da fiffike da wutsiya na da wayoyinsa da masu ja, kuma wuyoyin sukan harɗe. Rodan na 1956 mai tashi ne wanda iskar fiffikensa ke kwashe rufin gidaje. Hedorah na 1971 daga dattin masana'antu ya fito, a lokacin da gurɓatar ruwa da iska ta addabi Japan. Mechagodzilla na 1974 na ƙarfe ne. Gamera kuwa ba na Toho ba ne, kunkuru ne na kamfanin Daiei daga 1965, mai janye ƙafafu ya fesa wuta ta ramukan ya tashi yana juyawa. An san shi a matsayin abokin yara, amma finafinai uku da Shusuke Kaneko ya yi daga 1995 zuwa 1999 suna cikin mafi inganci da aka taɓa yi a wannan fanni.

Wasu ƙasashen ma sun taɓa: Gorgo a Ingila da Reptilicus a Denmak duk a 1961, The Host a Koriya ta Kudu a 2006, Troll a Norwe a 2022. Mafi ban mamaki shi ne Pulgasari na Koriya ta Arewa na 1985, dodo mai cin ƙarfe, wanda darakta Shin Sang-ok ya yi bayan an sace shi daga Hong Kong an kai shi ƙasar a 1978. Ma'aikatan Toho ne suka je suka yi dabarun hoton, Satsuma ne a cikin rigar.

Irin wannan halitta za ta iya rayuwa a zahiri?

Ba za ta iya ba. Idan aka ninka tsawon dabba sau 10, kaurin ƙashinta da ƙarfin tsokarta sau 100 za su ƙaru, nauyinta kuwa sau 1,000. Ƙafa za ta karye a takun farko. Zuciya ba za ta iya tura jini sama da mita masu yawa zuwa ƙwaƙwalwa ba, zafin jiki kuma ba shi da isasshiyar fatar da zai fita ta ciki. Dabbar da ta fi kowace girma a duniya, wel mai shuɗi da ke cikin teku, tsawonta kusan mita 30 ne, kuma ruwa ne ke ɗauke mata nauyi.

Me ya sa masoya suka juya wa Godzilla na 1998 baya?

Saboda an ɗauki sunan an bar halin. Fim ɗin Roland Emmerich ya kawo ƙadangaren iguwana da ya rikiɗa, siriri, mai gudu, mai ɓuya tsakanin gine-gine, mai cin kifi da saka ƙwai. Yana tsere wa jiragen soja, a ƙarshe makamai masu linzami na yau da kullum suka kashe shi a kan gada. Ga masoya, Godzilla ba ya gudu. Harsashi yana sauka a kansa yana ci gaba da tahowa, kuma wannan rashin makawar ita ce ma'anarsa tun 1954. Suka raɗa masa GINO, wato Godzilla a suna kawai. Toho ma ta mayar da sunansa Zilla, ta sa shi a Final Wars na 2004, inda na asali ya make shi da wutsiya ya faɗa kan gidan wasan opera na Sydney, ya gama da shi kafin a kai minti ɗaya. Abin adalci a faɗa: zanen talabijin da ya biyo bayan fim ɗin ya samu karɓuwa wurin masoyan da suka ƙi fim ɗin.

Me ya sa kullum ake ƙorafin dodo bai fito sosai ba, ko mutane sun cika surutu?

Wannan ita ce gardamar da ba ta ƙarewa. A fim ɗin Gareth Edwards na 2014, daidai lokacin da faɗa zai ɓarke a filin jirgin Honolulu, sai aka yanke aka nuna shi a ƙaramin allon talabijin. Sinima ta ɗauki guna-guni. Da aka zo na 2019 an cika dodanni, sai ƙorafin ya koma cewa ruwan sama da duhu da hayaƙi sun rufe faɗan, mutanen labarin kuma babu mai shiga rai. Gaskiyar magana, ko a fim na 1954 mintunan dodon kaɗan ne. Ba yawan mintuna ne matsala ba. Idan mai kallo ya damu da wanda ke ƙarƙashin ƙafar, minti biyar ya isa. Idan bai damu ba, sai ya zauna yana jiran mutane su gama magana, kuma komai yawan faɗan ba zai ƙosar da shi ba.

Tsakanin Kong da Godzilla wa ya yi nasara? An ce fim na 1962 ƙarshe biyu gare shi.

Jita-jita ce da ta daɗe, cewa a Japan Godzilla ne ya ci, a Amurka Kong. Ba haka ba ne. A duka biyun sun faɗa teku tare, Kong ne ya taso ya yi iyo ya tafi. Wannan fim shi ne ya fi kowane Godzilla na zamanin riga tara 'yan kallo a Japan. A na 2021 Godzilla ya danne Kong a Hong Kong, daga baya suka haɗa kai kan Mechagodzilla. Don a yi karon ma sai da aka ƙara wa Kong tsawo, daga kusan mita 32 a fim na 2017 zuwa sama da 100.

Riga ta fi ko kwamfuta?

Masu riga suna cewa abin da aka gina da hannu yana da jiki, haske na gaske yana sauka a kansa, ƙura ta gaske ke tashi. Masu kwamfuta suna cewa riga ba ta iya ɓoye gwiwar ɗan Adam. Kowa da gaskiyarsa, amma kwamfuta tana da tarko: tunda babu abin da ya gagare ta, sai a sa dodo mai tan dubbai yana tsalle da gudu, kyamara tana shawagi a inda babu mai ɗaukar hoton da zai iya tsayawa. Nan take girman ya zube. Wannan ne babban sukan da aka yi wa Godzilla x Kong na 2024, musamman wuraren da babu gini ko mutum da za a gwada tsawo da shi.

Shin Godzilla da Minus One duk kwamfuta ne, amma sun riƙe ladabin riga. A na farko ɗan wasan gargajiya Mansai Nomura ne ya yi tafiyar. Na biyu, na Takashi Yamazaki, ma'aikata 35 ne suka yi hotunan dabara 610, da kuɗin da bai kai dala miliyan 15 ba, kuma ya ci kyautar Oscar ta dabarun hoto a Maris 2024, karo na farko ga Godzilla.

Daga ina sabon mai kallo zai fara?

Ba dole ba ne a bi su a jere. Na Japan sun kasu zamani-zamani: Showa, fim 15 daga 1954 zuwa 1975, inda dodon ya tashi daga abin tsoro ya zama gwarzon yara har da rawar murna, Heisei, fim 7 daga 1984 zuwa 1995, labari ɗaya mai ci gaba wanda ya ƙare da mutuwarsa, Millennium, fim 6 daga 1999 zuwa 2004, kusan kowanne mai zaman kansa. A fara da na 1954, sigar Japan mai fassara a rubuce, ba wadda aka ɗora wa muryar Turanci ba, domin tsofaffin ɗorin murya sun sauya magana sun mai da abin tausayi abin dariya. Daga nan Minus One, sai Mothra vs. Godzilla na 1964. Shin Godzilla a ajiye shi sai an shirya karatu da sauri, domin rabinsa tarurrukan jami'an gwamnati ne da ke jan ƙafa yayin da bala'i ke matsowa, kuma Japanawa sun gane girgizar ƙasa da haɗarin Fukushima na 2011 a cikinsa. Ga yara, na ƙarshen shekarun 1960 sun fi dacewa. Na 1954 da Shin da Minus One suna da nauyi ga ƙaramin yaro.

Ban da kallo, me masoya ke yi?

Suna bikin 3 ga Nuwamba a matsayin ranar Godzilla. A yankin Chicago ana taron G-Fest duk shekara, inda mutane ke zuwa da rigunan da suka ɗinka da hannunsu. A unguwar Shinjuku ta Tokiyo an kafa ƙaton kansa a saman ginin Toho a 2015, kuma yana da tauraro a titin taurari na Hollywood tun 2004. Lokacin Shin Godzilla har nuni na musamman aka shirya a Japan inda aka halatta wa 'yan kallo ihu da amsa wa 'yan wasa.

Sai tara 'yan tsana na roba mai laushi, al'adar da kamfanin Marusan ya fara a 1966, Bandai ya ci gaba da ita. Mai tarawa ya kiyaye abu uku. Rana tana kashe fenti, don haka a nisanta su da taga. Zafi yana lanƙwasa ƙafa da wutsiya: a tsoma wurin a ruwan ɗumi mai ɗan zafi ya yi laushi, a miƙe shi, a tsoma a ruwan sanyi ya daskare. Idan aka kulle su a leda tsawon lokaci suna yin danƙo, maganinsa wanki da sabulu mai laushi da barin su su sha iska. Na jabu ana gane su da fenti mai malala da rashin tambarin kamfani a tafin ƙafa.

Zan iya gwada ɗan gajeren fim irin wannan da waya?

Za ka iya, in ka bi lissafin. Ɗauki ma'aunin 1 cikin 25. Hawa ɗaya na gini mai mita 3 zai zama santimita 12, mota mai mita 4 da rabi santimita 18, mutum kusan santimita 7. Duk abin da zai shiga hoto ya bi wannan ma'auni, domin motar wasa ɗaya da ta fi girma ta isa ta ɓata aikin. Yi gine-gine da kwali, ka huda tagogi na gaske maimakon zana su, ka tsaga bango da reza ta ciki inda kake so ya karye, ka zuba toka da ɓaraguzan busasshiyar laka a ciki. Kada ka yi amfani da garin fulawa kusa da wuta, yana kamawa, kuma gara ka bar wuta gaba ɗaya.

Ɗora garin a kan tebur ko dakali a fili, ka kwantar da waya daidai saman titin tana kallon sama kaɗan, yadda sararin sama na gaske zai zama bango. Mai dabarun hoto Shinji Higuchi ya yi amfani da hasken rana a fili a Gamera na 1995, shi ya sa garinsa ya fi na cikin ɗaki kama da gaske. Rana tana kuma raba ka da matsalar fitilar lantarki, wadda ke ƙyaftawa a hoto idan ana ɗauka da sauri. Sa wayar a hoto 120 a sakan, ka kulle haske da saitin nisa don kada su riƙa sauyawa. Sanya wani abu a gaba kusa da kyamara, kamar turken lantarki da zare a matsayin waya, dodon ya wuce ta bayansa. Na cikin riga ya ɗaga ƙafa daga cinya, ya sauke ta gaba ɗaya, ya juya kafaɗa tare da kai, kada ya wuce minti biyu ko uku kafin a buɗe masa ya sha ruwa, kuma a tsayar da mutum ɗaya wanda aikinsa kawai lura da shi ne. Ƙarar taku a ɗora ta daga baya: a buga ganga ko durom, a rage gudun sautin zuwa rabi, a jinkirta shi kaɗan bayan ƙafar ta sauka idan dodon yana nesa.